Sharuɗɗan Garkuwan Sirri

Alhaji Abdulmuttalib Datti Gafasa ya kafa tarihi ranar Litinin, goma sha biyu ga watan Mayu, 2025. A ranar ce ya zama mutum na farko, daga Gaya har Ajingi, da ya zauna ya koya wa na'ura tarbiyya.

Wajibi ne a gabatar da shi, ko da yake a wurinsa gabatarwa cin fuska ce, domin duk wanda bai san shi ba bai cancanci a sanar da shi ba. Shi ne Shugaban Ƙungiyar Manoman Gero da Wake ta Gaya da Ajingi. Shekara tara ke nan yana kan kujerar bai gaji ba, duk da yawan masu tausayin da ke tambayarsa ko ya gaji. Manomi ne na haƙiƙa. Ya san gonarsa ta bakin titi ciki da bai, domin kullum yana kallonta ta tagar mota, kuma Allah ya tsare tafin hannunsa daga sharrin fartanya. Babu hoton ƙungiya da ba shi ne a tsakiya ba, har wanda aka ɗauka lokacin da ya tafi Umara, domin da ya dawo ya sa an gyara wannan kuskure. Tawali'unsa kuwa ya shahara ƙwarai. Shi da kansa yake ba da labarinsa a kowane taro.

Sarautar Garkuwan Sirrin Manoma ba gadonta ya yi ba, ba kuma wani ne ya naɗa shi ba. Ya duba gabas da yamma ya ga babu mai riƙe da ita, ya ga kuma babu wanda ya dace da ita, sai ya rufa wa jama'a asiri ya karɓa. 'Yan acaɓa na tashar Gaya, waɗanda ba su da lokacin dogon suna, suka taƙaita masa ita zuwa Baba Sharaɗi.

Ga yadda al'amarin ya taso. Bara ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya bushe a tsaye kafin ya yi ido, rumbuna da yawa suka ƙare tun sanyi bai fita ba. Bana sai wata hukuma mai raba iri ta aiko wa ƙungiya da takarda, cewa akwai irin gero mai saurin nuna, wanda yake kaiwa girbi ko damina ta yi rowa. Za a bai wa kowane mamba, amma sai wanda ya yi rajista a shafin ƙungiya na intanet kafin la'asar ɗin Alhamis, ashirin da biyu ga wata. Wanda sunansa bai shiga ba, ko ƙwaya ɗaya ba zai gani ba. Mambobi ɗari huɗu da goma sha biyu ne, kwana goma kuma ya rage. Alhaji ya riga ya sa an share gonarsa an zuba taki, ya kuma sanar a masallaci biyu da wurin ɗaurin aure uku cewa geronsa ne zai fara fitar da kai, kowa ya shirya zuwa koyon noma.

Shafin kuwa Malama Sa'adiya ce ta gina shi, sakatariyar ƙungiya, wadda ta shekara goma sha biyar tana koyar da kwamfuta a makarantar sakandare kafin ta ajiye alli. Mace ce mai ƙarancin magana da yawan aiki, halaye biyu da Alhaji ya daɗe yana addu'ar Allah ya yaye mata. Da yake doka ta hana a adana bayanan mutum ba da izininsa ba, sai ta sa wani ɗan saƙo da zai fito wa duk wanda ya buɗe shafin:

"Za mu adana sunanka, da lambar wayarka, da wurin da gonarka take, mu miƙa wa masu raba iri. Ka yarda?"

A ƙasa akwai wurin dannawa biyu: "Na yarda" da "Ban yarda ba." Sharaɗinta ɗaya ne tak: saƙon ya fito sau ɗaya ga kowane sabon suna. Dalilinta shi ne, a Kademi waya ɗaya kan yi wa unguwa guda hidima, yardar mai waya kuwa ba yardar maƙwabciyarta ba ce.

Alhaji ya sa tabarau ya karanta. Ya cire, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake karantawa, ko laifin na tabarau ne. Ba nasa ba ne.

"Malama, wa ya reni wannan na'ura?"

"Ni na tsara ta, ranka ya daɗe."

"To ba ki yi mata tarbiyya ba. Mutum ya taso tun daga Gafasa ya shigo gidanmu, ba a amsa masa sallama ba, ba a shimfiɗa masa tabarma ba, ko ruwa ba a miƙa masa ba, sai a tare shi a bakin zaure da 'ka yarda?' Shingen bincike muka buɗe? Muddin Garkuwan Sirri yana numfashi, ba za a yi wa manomi wannan wulaƙanci ba. Ɗauki biro."

Sharaɗi na farko: kada saƙon ya fito sai an gaisa. In da safe ne, allon waya ya ce "Ina kwana?" In azahar ta wuce, ya ce "Ina wuni?" Daga nan gajiya, sannan iyali, sannan aiki, sannan labari, kowace gaisuwa da shafinta, kuma ba za a wuce ba sai baƙo ya danna amsa. Sharaɗi na biyu: tun da ba a gaisawa da bango, dole baƙo ya ga fuskar mai gida. Aka yi shawara mai tsawo tsakanin Alhaji da Alhaji a kan fuskar da ta dace, aka tsaya a kan wadda ya ɗauka da rawani.

Sharaɗi na uku shi ne gagarabadau. A kansa ma Alhaji ya miƙe tsaye, domin akwai hikimar da ba ta fitowa daga zaune.

"Malama, ke 'yar mutunci ce, 'yar gidan mutunci. In kin je gidan surukai aka ajiye miki kwano aka ce bismillah, zura hannu kike yi?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Amma yunwar tana nan?"

"Wani lokaci."

"To kin gani! Saboda haka duk wanda ya danna 'ban yarda ba' a karon farko, kara ce ya yi mana, a sake tambayarsa. Wanda kuma ya danna 'na yarda' a karon farko, ko dai zari ne, ko bai ji tambayar ba. Shi ma a sake. Sau uku. Ta uku ita ce magana. Kuma kada a jero masa su kamar ana kora awaki. A bar minti goma a tsakani, mutum ya numfasa, ya yi shawara da zuciyarsa."

Malama Sa'adiya ta tuna masa, cikin ladabi, cewa a Gafasa sabis ba ya sauka sai a tudun bayan firamare, shi ma sai an ɗaga waya sama kamar mai duban jinjirin wata. Cewa caji sai an kai shago. Cewa hotonsa kaɗai ya fi dukan shafin nauyi. Wannan magana ta ƙarshe ta yi masa daɗi.

"In sabis ya yanke ana tsakiyar gaisuwa fa?" ta tambaya.

"Wanda ya fita ya dawo, sabon baƙo ne. A soma daga sallama."

Irin wannan ilimi ba a makaranta ake samunsa ba, abin da ya sa makarantu suke zaune lafiya. Malama ta rubuta a littafin taro cewa ba ta goyi baya ba, ta sa hannu, sannan ta aiwatar, domin tsarin ƙungiya ya bai wa Shugaba ikon yanke hukunci, kuma ba sai an faɗi wanda ya rubuta tsarin ba.

Daga ranar Alhaji ya daina zuwa ofis hannu rabbana. Kowace safiya da sabon sharaɗinsa, mai ɗumi, kamar ƙosan bakin tasha. Ranar Juma'a a ƙara "Barka da Juma'a." Lokacin salla saƙon ya ɓuya, fom ɗin rajista ya rufe, daga kiran salla har a shafa addu'a. Lokacin da Shugaba yake jawabi ma haka, kada hankalin jama'a ya rabu biyu. In hadari ya taso a ƙara "Ya ruwa?", wanda ya sa Malama ta riƙa leƙa taga tana duban sama kafin ta taɓa kwamfuta. Wanda aka yi wa rasuwa a yi masa ta'aziyya tukuna. Da aka tambaye shi yadda na'ura za ta san an yi rasuwa, sai ya ce a tambayi kowa da kowa, don kada a tsallake wani. Ta haka manoman ƙananan hukumomi biyu suka riƙa amsa tambayar ko an yi musu mutuwa kafin a ba su izinin neman iri.

Duk waɗannan ya rubuta su da hannunsa a wani littafi mai jan bango. Ranar Litinin ta zagayo, sharuɗɗa sun kai ashirin da uku. Masu rajista kuwa goma sha tara. Alhaji ya ji daɗin wannan sakamako matuƙa. A ganinsa ya nuna cewa shafin ba kasuwa ba ne da kowane kare da doki zai faɗa, kuma mutum goma sha tara ɗin nan, in an bincika, za a tarar 'ya'yan manyan gida ne.

Saura kwana uku.

A wannan hantsin ne a-daidaita-sahu ya tsaya a ƙofar ofis, Kulu ta fito. Kulu manomiya ce daga Kademi, mai riƙe da wayar da mata talatin suka dogara da ita. Abin takaici ga Alhaji, taubashiyarsa ce, 'yar ƙanwar mahaifinsa, wato mutum ɗaya tilo a duniya da al'ada ta ba lasisin faɗa masa gaskiya. Ta shigo, ta kwance wayar daga bakin zani, ta ɗora a kan littafi mai jan bango.

"Kai Mutallabi, kai ne a cikin wayar nan?"

"Kulu, a ofis Shugaba ake ce mini."

"A ofis ake ce maka. Ni na san ranar da zakara ya bi ka har ƙarƙashin rumbu kana kiran Inna. Kwana huɗu ina tsaye a kan juji ina gaisawa da kai. Ko ranar aurenka ban gaishe ka haka ba. Ka ce ina kwana, na ce lafiya. Ka ce ina gajiya, na ce babu, ga ƙafata tana zogi. Ka ce ya iyali, na ce lafiya lau, ga Malam kwance da zazzaɓi. Ƙarya na yi maka don in wuce. Ka ce wai ko an yi mini rasuwa! Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Da ƙyar na kai kan tambaya na ce na yarda, sai ka ce in je in yi tunani. Tunanin me? Iri ne ko miji?"

"Wannan girmamawa ce gare ki, da kin sani."

"Ina cikin tunanin caji ya ƙare. Fuskarka da rawani ita ce ƙarshen abin da na gani, sai da na yi a'uziyya. Mata talatin, Mutallabi. Ko ɗaya ba ta shiga ba. In hadarin nan ya sauko ba mu da iri, gidanka za mu tare da 'ya'yanmu, mu ga ko za ka iya amsa gaisuwarmu ɗaya bayan ɗaya."

Alhaji ya yi murmushin da manya kan yi wa jahilci. Ya ce laifin ba na shafi ba ne, na rashin haƙuri ne, kuma zai nuna mata yadda mai ilimi yake yi. Ya zaro wayarsa daga aljihun babbar riga. Sai a lokacin aka gane cewa, cikin kwana bakwai da ya yi yana kafa sharuɗɗa, bai taɓa buɗe shafin da kansa ba.

Farkon abin ya tafi daidai. Wani dattijo mai kwarjini da rawani ya bayyana ya tambaye shi kwana, Alhaji ya amsa da fara'a, har ya ɗan rusuna. Gajiya ta wuce, iyali suka wuce. Tambayar rasuwa ta ɗan sosa masa rai, amma ya daure. Sannan saƙon ya fito: "Ka yarda?"

Ka. Ba ranka ya daɗe, ba Allah ya ja zamaninka. Ka, tsirara, kamar ana magana da mai tallan rake.

Ya danna "Na yarda" da ƙarfi, don a wuce wurin. Sai allon ya ce masa: "Kada ka yi gaggawa. Je ka yi tunani, za mu sake tambayarka."

Kulu ta zauna a ƙasa don dariya ta samu wurin fita.

"Ni?" in ji Alhaji. "Ni za a ce wa in je in yi tunani? Na'urar da ko shekara ba ta yi ba a duniya?"

Ƙaramin mutum da sai ya ce a soke sharuɗɗan. Alhaji ba ƙaramin mutum ba ne. Nan take ya gano cewa sharuɗɗan lafiyarsu ƙalau, illarsu ɗaya ita ce ba su san babba ba. Ya buɗe littafi ya rubuta na ashirin da huɗu, yana karantawa da ƙarfi:

"Manya ba na'ura ke tambayarsu ba. Akwai mutum bakwai a ƙungiyar nan da saƙon ba zai fito musu ba har abada. Su, Shugaba da kansa zai taka ya kai musu wasiƙar neman izini, hannu da hannu, sau uku, rana uku. Sai ya kawo amsa ta uku a rubuce sannan Sakatariya za ta shigar da sunansu."

Ya lissafa bakwai ɗin: limami biyu, tsohon hedimasta, wani babban ɗan kasuwar hatsi, mai unguwa guda, da Arɗo Bubayero na rugar gabashin Gafasa. Na bakwai bai ga buƙatar faɗa ba.

"Sauran ɗari huɗu da biyar ɗin fa, ranka ya daɗe?" in ji Malama Sa'adiya.

"Waɗannan ƙananan al'amura ne, Malama. Ki ji da su yadda kika ga dama. Ni manya ne a gabana."

"Yadda na ga dama?"

"Kunnenki ƙalau."

Ta rubuta a littafin taro, ta miƙa masa ya sa hannu, Kulu ta dangwala yatsa a matsayin shaida. Kafin motarsa ta kai kwanar kasuwa, dattijo mai rawani ya ɓace daga shafin tare da gaisuwarsa da ta'aziyyarsa, ɗan saƙon nan mai layi biyu ya dawo, sau ɗaya ga kowane suna. Kulu ta shigar da matanta talatin a ranar, kowace ta danna da yatsanta. Zuwa yammacin Laraba mutum ɗari huɗu da uku sun yarda. Biyu sun ce ba su yarda ba, aka kuma bar su da ra'ayinsu, abin da bai taɓa samunsu a ƙungiyar ba.

Alhaji bai san da wannan ba, kuma da ya sani ba zai dame shi ba. Yana kan hanya. Mutum shida, ziyara uku-uku, tsakanin Gaya da Kademi da Gafasa, cikin zafin bazara da babbar riga mai aska takwas. Limamai da hedimasta da sauran sun san shi shekara da shekaru, saboda haka suka ƙi ranar Talata kamar yadda ake so, suka koma harkokinsu. Arɗo Bubayero ne ya kusa ɓata tsari. An same shi a gindin tsamiya yana gyaran igiya, aka karanta masa wasiƙa mai shafi biyu, ya saurara har ƙarshe.

"Iri ne dai ko? Na yarda, Alhaji. Allah ya saka."

Alhaji ya waiga hagu da dama, ya matso, ya rage murya.

"Arɗo, ka ɗan ƙi mana."

"In ƙi iri?"

"Ka ƙi yau, ka ƙi gobe. Jibi sai ka yarda. Darajarka ta wuce a ce an tambaye ka sau ɗaya ka amsa."

Arɗo ya daɗe yana kallonsa, irin kallon da yake yi wa saniyar da ta ci wani abu a daji.

"To, Allah ya sawwaƙe. Na ƙi."

Washegari da Alhaji ya koma, Arɗo ya riga ya fita da shanu, amma ya bar saƙo wurin uwargidansa. Ta leƙo daga bukka ta ce, "Ya ce in mai rigar nan ya zo, a gaya masa ya ƙi." Alhaji ya yaba da wannan ƙwarai. Ya ce dattako ke nan: mutum ya ƙi ka ko ba ya nan.

Saura na bakwai. Tun ranar Talata Malama ta tuna masa cewa sunansa bai shiga ba, ta kuma ce in ya amince ita sai ta tambaye shi da baki, ya amsa, a wuce wurin.

"Ke? Sakatariyata ce za ta nemi izinina? Malama, sharaɗi ya ce Shugaba ne zai nema. Ba a yi wa doka kwana."

Saboda haka Shugaba ya zauna a ofishinsa na Gaya ya rubuta wa Alhaji Abdulmuttalib Datti na Gafasa wasiƙa. Ya liƙe ta, ya buga hatimi, ya shiga mota ya kai ta har zauren gidan, domin ba a aika wa irin wannan mutum ɗan saƙo. A zaure ya ajiye ta a kan buzu, ya zagaya ya zauna ta ɗaya ɓangaren, ya buɗe. Ya daɗe bai karanta wasiƙa mai daɗin wannan ba. Duk da haka ya ɗauki biro ya amsa cewa ya gode, amma ba ya buƙata. Ranar Laraba wasiƙa ta biyu ta zo, ta fi ta farko zaƙi. Alhaji ya amsa a taƙaice cewa yana nan a kan bakansa. A kan hanyar komawa Gaya ya yi ta jinjina wa mutanen biyu: ɗaya ya iya nema, ɗaya ya iya ƙi.

Ranar Alhamis ya gama da shidan kafin azahar, ya kawo amsoshinsu, Malama ta shigar da su. Ya yi salla, ya ci abinci, ya zauna rubuta wasiƙa ta uku. Sama ta yi baƙi ta gabas. Ya jawo amsoshin Alhaji guda biyu ya shimfiɗa a gabansa, don ya san ta inda zai ɓullo masa. Ya karanta ta farko. Ya karanta ta biyu. Ya sake karanta ta biyu, a hankali.

"Yana nan a kan bakansa."

Ya ture takardar gefe. Shekara tara yana shugabanci, babu wanda ya taɓa mayar masa da wasiƙa da layi ɗaya. Limamai da suka ƙi, sun haɗa da addu'a. Arɗo ma ya ce Allah ya sawwaƙe. Amma wannan mutum, wanda in an bi diddigi mamba ne kawai kamar kowa, an taka har zaurensa sau biyu, ko rakiya bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, saura rabin sa'a," in ji Malama daga bakin ƙofa. "Ka ce 'na yarda' kawai, in shigar da kai."

"Ba a tambaye ni ba, Malama."

"To ka tambayi kanka."

"Abin da nake dubawa ke nan. Ki gaya mini tsakaninki da Allah: ya dace Shugaban ƙungiya guda ya yi ta zarya a ƙofar mutum ɗaya yana roƙo? Wane ne shi? Me ya taka?"

Malama Sa'adiya ta auna amsoshin da za ta iya bayarwa, ta ga babu wadda za ta bar ta da aikinta, sai ta duba agogo.

"Saura minti goma, ranka ya daɗe."

"Kujerar nan ba tawa ba ce, amana ce. In na zubar mata da daraja yau, gobe kowa sai ya ce a bi shi gida sau uku."

Ya ɗauki biro, ya rubuta layi ɗaya, ya ajiye. Ya ɗauka, ya ajiye. Ladan ya kira la'asar. Malama ta aika da sunaye ɗari huɗu da tara, ta kashe kwamfuta, ta tafi alwala.

Bayan kwana biyar motar iri ta iso, aka yi rabo a harabar ofis, ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya zauna a tsakiya, ya sa albarka, ya yi jawabi a kan muhimmancin bin ƙa'ida. Da aka watse, Kulu ta tsaya a gabansa da ɗan buhunta a ka. Zumunci dai zumunci ne. Ta sauke, ta kwance bakin.

"Mutallabi, in ɗibar maka mudu ɗaya?"

"A'a, haba. Na gode, bar shi."

Ya gyara zama, ya karkato da kunne, yana jiran ta biyu. Kulu ta ɗaure bakin buhunta, ta aza a ka, ta tare a-daidaita.

Ruwa ya sauka a makon. Gero ya tsira daga Kademi har Gafasa, sai gona ɗaya ta bakin titi, wadda ta fi kowace shan taki, ta kuma fitar da ciyawar da awakin unguwa ba za su manta da ita ba.

Wasiƙa ta uku tana nan a kan tebur, an danne ta da littafi mai jan bango. Abin da ke cikinta shi ne: "Bayan dubun gaisuwa da girmamawa," sai waƙafi, sai farar takarda. Shugaba ya rantse ba zai ƙarasa ta ba sai Alhaji ya ba da haƙuri. Alhaji kuwa ya ce shi ba ya amsa abin da ba a tambaye shi ba. Dattawan gari sun yi niyyar shiga tsakani, amma har yau an rasa wanda zai fara zuwa wurin wani.